Ta yaya za mu gane gari ya tsaya da ƙafarsa wajen kula da ƙananan matan aure da jariransu?

Wata jami'ar lafiya daga jihar Jigawa ta aiko da tambaya. Ta ce ƙungiyarsu ta mata ta samu tallafin shekara uku domin yin aiki da ƙananan matan aure masu cikin fari da na biyu, tare da mazajensu, a ƙauyuka goma sha biyu. Masu ba da tallafin sun ce a ƙarfafa al'umma, kuma a kawo musu shaidar cewa al'ummar ta ƙarfafa. Tana son sanin ta ina za su fara, kuma da me za su auna.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Kalmar nan ta "ƙarfafa al'umma" ta sha wuya a hannunmu ma'aikata. Sau da yawa abin da muke nufi da ita shi ne mun tara mutane a ɗakin taro kwana uku, an ci shinkafa, an raba kuɗin mota, an ɗauki hoto, an rubuta cewa an horar da mutum sittin. Ni ma na rubuta irin wannan rahoton a shekarun da na fara aiki, kuma an yaba mini. Ma'anar da na koma amfani da ita daga baya ita ce wannan: yarinya 'yar shekara goma sha shida, cikin fari, ta fara jijjiga da ƙarfe biyun dare a tsakiyar damina, ke ba kya garin, motar shirin ma tana birni. Me garin zai yi? Duk abin da za ku gina a shekara ukun nan, da duk abin da za ku auna, ya rataya a kan amsar wannan tambayar.

Mu bi daren nan sannu a hankali. Wa zai fara lura cewa yarinyar ba ta da lafiya? Kada ki sa rai ita za ta faɗa. An yi mata tarbiyya a kan kunyar cikin fari, ba ta ambaton cikin a gaban manya, ballantana ta ce kanta na ciwo ƙafafunta sun kumbura. Wadda za ta gani ita ce uwar miji, ko kishiya, ko facala, ko uwarta idan ta koma gida haihuwa. Idan sun gani, shin za su ce hawan jinin masu ciki ne, ko za su ce iska ce a nemo hayaƙi? Idan sun yarda abin na asibiti ne, wa zai ba da izinin fita alhali maigida yana ci-rani a Legas? Idan an samu izini, ina kuɗi? Ina mota? Idan an isa, asibitin a buɗe yake? Akwai allurar jijjiga, wato magnesium sulphate? Idan jini ake buƙata, wa zai bayar? Masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, sun tsara wannan tun 1994 a matsayin jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ki lura cewa a cikin ukun nan babu ko ɗaya da ke hannun yarinyar. Shi ya sa shirin da ya tsaya kan wayar da kan ita kaɗai yake ƙarewa da yarinya mai ilimin alamomin haɗari wadda ba ta da ikon taka ƙofar gida.

Maganar komawa gida haihuwa ki riƙe ta da kyau, domin tana rusa tsari cikin ruwan sanyi. Kun shekara kuna shirya uwar miji da maigida a ƙauyen da aka kai ta aure, ciki na tsufa sai a mayar da ita gidan iyayenta a wani gari da ba ya cikin goma sha biyunku, can za ta haihu, can za ta yi wankan jego, can za a yanke shawarar ko a ba jariri dakashi ko a zubar. Tun awon farko ku tambaya a ina za ta haihu, ku nemi hanyar isa ga uwarta, ko da ta waya ne.

Aikin watanni ukun farko shi ne ku gano abin da garin yake da shi kafin zuwanku. Ba a taɓa samun ƙauyen da ba shi da tsarin taimakon kai. Akwai adashi, akwai gayya, akwai makarantar Islamiyya ta matan aure, akwai ungozoma da wanzami da mai kemis, akwai 'yan acaɓa da direbobin ranar kasuwa, akwai liman da mai unguwa, akwai kuma kwamitin ci gaban mazaɓa wanda tsarin lafiya matakin farko na Najeriya ya tanada, ko da a wasu wurare sunansa kawai ya rage. Ku zauna da kowane ɓangare ku ce su ba ku labarin haihuwa ta ƙarshe da ta zo da matsala. A cikin labarin za ki ji sunan mutumin da aka buga wa ƙofa, da wanda ya ba da rance, da wanda ya fito da babur. Waɗannan su ne mutanenku. Idan kuka ce mai unguwa ya ba ku sunaye goma na kwamiti, zai ba ku ƙaninsa da surukinsa da matarsa, kuma ba laifinsa ba ne, ya ɗauka rabon wani abu za a yi.

Kuɗi ne wurin da na fi so ki daɗe. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani tsari da matan karkara a jihar Maraɗi ta Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Adashi ne aka yi wa gyara: mata suna zubi duk mako, ana ba da rance daga cikin asusun, ana ware wani ɗan kaso domin larura, a ƙarshen zango a raba. Babu jarin da aka kawo musu daga waje. Tsarin ya bazu a Nijar ya tsallaka ƙasashe da yawa, kuma ƙungiyoyi da dama sun ci gaba bayan waɗanda suka koyar da su sun tafi. Dalilin ɗorewarsa a fili yake: kuɗinsu ne, sun san wadda ta ci ba ta biya ba. Don haka idan kuna son asusun gaggawa na masu ciki, kada ku zuba masa kuɗin shiri. Na ga inda aka yi haka, aka ba kowane ƙauye jari, cikin 'yan watanni kuɗin ya zama na gwamnati a idon jama'a, wanda ya ranta ba ya jin nauyin biya. Ku saya musu akwati da kwaɗo da littafi, ku koya musu lissafi, ku bar zubin ya fito daga hannunsu ko da naira hamsin-hamsin ne. Su kuma su yanke hukuncin abin da za a yi da wadda ba ta iya zubi, domin ita ce ainihin wadda aka ba ku tallafin dominta.

Ta fuskar mota, akwai gwajin da aka yi a jiharki. Shirin lafiyar mata da yara na PRRINN-MNCH, wanda ya yi aiki a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara da tallafin Birtaniya, ya haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW. An horar da direbobin tasha su ɗauki mai naƙuda ko mai zubar jini zuwa asibiti a kowane lokaci, ana biyan kuɗin mai kawai ko abin da ya sauƙaƙa, ladan direba kuma shi ne idan ya dawo tasha a ba shi layin lodi ba tare da ya jira ba. Abin koyi a nan shi ne an biya direban da abin da ƙungiyarsa ke da ikon bayarwa har abada, wanda ba ya ƙarewa ranar da tallafi ya ƙare. Je ki tashar da ta fi kusa da ƙauyukanku ki tambaya ko akwai direbobin da suka taɓa yin wannan aikin. Sannan ku shigar da abin da ake kira izinin dindindin: maigida ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da liman cewa idan larura ta taso ko yana nan ko ba ya nan a fita da matarsa. Magana ce ta minti biyu, amma tana cire sa'o'i daga jinkirin farko. Haka nan masu ba da jini: a san rukunin jinin matasa goma ko ashirin a kowane gari, a san lambar wayarsu.

Mazan kuwa kada ku kira su taron mata ku yi musu wa'azi. A Damagaram, tun 2008, hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumomin lafiya na Nijar suka fara makarantar mazaje: maza kaɗan, ba su wuce goma sha biyu ba, waɗanda matansu ke zuwa asibiti kuma ake jin maganarsu, suna zama sau biyu a wata su tattauna matsalar garinsu, su fita su yi wa sauran maza magana a majalisa da ƙofar masallaci. Abin da zan ƙara daga nawa ganin shi ne angon da bai wuce shekara ashirin da biyu ba shi ma yaro ne a gidan ubansa. Rumbun ba nasa ba ne, sau da yawa shawarar ma ba tasa ba ce. Idan ba ku samu baban ba, kun samu rabin izini ne.

Ƙananan matan su ma su samu zamansu daban. Idan kika haɗa amarya da uwar mijinta a tabarma ɗaya, to kin yi taro da uwar miji. Wani tsari da aka gwada a ƙasashe da dama shi ne na ƙungiyoyin mata masu zama duk wata su gano matsalarsu da kansu, su zaɓi mafita, su aiwatar, su dawo su duba. A gundumar Makwanpur ta ƙasar Nepal, binciken da aka wallafa a 2004 ya nuna mutuwar jarirai sababbin haihuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a inda aka yi wannan tsari, kuma a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da shi a karkarar da asibiti ke da wuyar samu. Amma da aka tattara gwaje-gwajen ƙasashe daban-daban, an ga tasirin ya fi bayyana ne a inda aƙalla kashi 30 cikin 100 na masu ciki suka shiga ƙungiyoyin. Ƙungiyar da ta cika da tsofaffi da masu jika ba za ta ba ki wannan sakamakon ba. A wurinmu, inda amarya ba ta cika fita ba, sau da yawa sai dai a yi zaman a cikin gida, gida-gida, ko a jingina shi da makarantar Islamiyya da mazan suka riga suka amince da ita.

Ku kuma ba su abin yi da hannunsu. A Mirriya ta Nijar, ƙungiyar likitocin agaji ta ALIMA ta nuna cewa uwa, ko ba ta yi boko ba, tana iya auna damtsen ɗanta da tsinken awon tamowa ta gane ja da rawaya da kore, ta kawo shi da wuri. Ja shi ne ƙasa da santimita 11.5. Yarinyar da aka danƙa wa wannan tsinken ta samu wani abu da ta sani wanda za ta iya nuna wa uwar mijinta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ba a tambayar ra'ayinta.

Gargaɗi ɗaya kafin mu shiga awo. Wani gari da na yi aiki, mun yi wata takwas muna shiri, har aka samu daren da komai ya tafi daidai: an gane alamar, an fasa asusu, direba ya fito. Suka isa asibitin suka tarar da kwaɗo a ƙofa, ma'aikaciyar ta tafi gida birni. Allah Ya sa matar ta rayu a babban asibiti, amma jaririn bai zo da rai ba. Bayan wannan mun fi shekara ba mu dawo da amincewar garin ba. Kada ku tura mutane inda ba a shirya karɓarsu ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma kwamitin mazaɓa na da hurumin sa ido kan yadda asibitin da ke cin gajiyarsa yake kashe rabonsa. Kwamitin da ya san wannan, ya iya zuwa sakatariya ya ce asibitinmu ba ya kwana a buɗe, ya fi mini kwamitin da ya haddace alamomin haɗari goma.

Yanzu awo. Abu na farko, kada ku yi wa masu tallafi alkawarin rage mutuwar mata masu haihuwa da kashi kaza. Yi lissafin da kanki. A ce ƙauyukanku suna da mutum dubu goma, ana haihuwa kamar ɗari huɗu a shekara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin haihuwa 100,000. Ko mun ninka wannan sau biyu saboda karkarar arewa ta fi muni, mace huɗu ke nan a shekara. Bana huɗu, baɗi biyu, shekara ta uku biyar: wannan hawa da sauka ba ya nuna aikinku ya yi ko bai yi ba. Ƙari a kan haka, da zarar kun fara rubuta kowace mutuwa, adadin zai yi kamar ya ƙaru, saboda a da ba a ƙirgawa. Ku faɗa wa masu tallafi wannan tun yau, a rubuce.

Abin da za ku iya ƙirgawa shi ne larura. An ƙiyasta cewa kusan kashi 15 cikin 100 na masu ciki suna gamuwa da matsalar da ke buƙatar ƙwararru, wato a lissafinmu na sama kamar mata sittin a shekara. Sittin adadi ne da za a iya koyon wani abu daga gare shi. Duk wadda ta samu doguwar naƙuda ko zubar jini ko jijjiga, ko jaririn da ya ƙi kama nono ko jikinsa ya yi zafi, a je gidan cikin mako biyu a bi labarin. Yaushe aka lura? Wa ya ce a tafi? Tsakanin lura da fita, an yi sallah nawa? Mutanenmu ba sa duba agogo a irin wannan hali, amma za su ce miki tun bayan isha'i aka fara, ba a fita ba sai da aka yi asuba. Daga ina kuɗi ya fito, wa ya tuƙa, me aka tarar a asibiti? Sai tambayar da ta fi kowace: a cikin matakan nan, nawa ne ma'aikacin shiri ya sa hannu? Idan a shekarar farko ke ake kira a waya a kowace larura, a shekara ta uku kuma sai da safe kike jin labari, ga shaidarki nan. Ki yi wannan bibiyar a kan larurori goma na baya a kowane ƙauye tun kafin ku fara komai, domin ki samu abin kwatantawa.

Wannan ba zai yiwu ba sai da rajistar kowane ciki a garin, har da na waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba. Littafin asibiti yana nuna waɗanda suka zo ne kawai. Ungozoma da matan ƙungiya sun san kowane ciki, wanzami da liman sun san kowane suna. Kuma duk adadin da za ku fitar, ku ware 'yan ƙasa da shekara ashirin daban, ku ware matan 'yan ci-rani, da na rugagen da ke gefen gari, da baƙin da rikici ya koro, da ƙananan zawarawa. Na sha ganin zuwa awo ya ƙaru a gari gaba ɗaya alhali a cikin waɗannan ko motsi bai yi ba, domin masu hali ne suka ƙara zuwa.

Shi kansa tsarin garin akwai hanyar auna shi da Susan Rifkin da abokan aikinta suka fitar a 1988. Ana duba abu biyar: wa ke gano matsala, wa ke jagoranci, yaya tsarin ƙungiya yake, daga ina kayan aiki da kuɗi ke fitowa, wa ke gudanarwa. Kowanne a ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar, ɗaya na nufin komai daga waje yake zuwa, biyar na nufin garin ke riƙe da shi. Ana zana shi kamar saƙar gizo-gizo, duk shekara a sake, a ga inda ta faɗaɗa. Ana iya yin sa a ƙasa da tsakuwa. Sai dai kada ku yi shi a taro ɗaya. Dattawa su ba da makinsu, mazan aure matasa nasu, iyayen miji nasu, ƙananan matan nasu, kuma wanda zai jagoranci zaman kada ya zama wanda ke raba musu alawus, don za su faɗa masa abin da yake son ji. Idan dattawa suka ba jagoranci biyar, amare suka ba shi biyu, kada ki haɗa ki raba ki rubuta uku da rabi. Tazarar ita ce sakamakon, ita za ki kai rahoto.

Tun da ƙauyuka goma sha biyu ne, ku fara da shida, sauran shidan su biyo bayan wata tara ko shekara, a zaɓa ta hanyar ƙuri'a a gaban masu unguwanni don kada a ce an yi son kai. Kowa zai samu, ku kuma kun samu abin kwatantawa na ɗan lokaci. Ba zai kai ƙarfin babban bincike ba, amma zai hana ku ɗaukar yabon abin da sabuwar hanya ko kyakkyawar damina ta kawo.

Sai gwajin janyewa, wanda ƙungiyoyi ke tsoro. A farkon shekara ta uku, ku daina zuwa wasu ƙauyukan na wata uku, da saninsu. Ku dawo ku buɗe littafi. An yi zama? An yi zubi? An ranta an biya? Wata 'yar sa-kai ta yi aure ta bar gari, an maye gurbinta ba tare da an jira ku ba? Sun taɓo wata matsalar da ba ku kuka kawo ta ba, kamar gyaran rijiya ko kwalbatin da ke hana mota shiga da damina? Inda abin ya tsaya cak, kuna da sauran wata tara ku gyara, wanda ya fi ku gano bayan an rufe ofis.

Alawus ɗin 'yan sa-kai zai taso, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Matar da ke yawo gida-gida kwana uku a mako aiki take yi, ya kamata a biya ta, kuma hanyar da ta fi ita ce ku nemi a shigar da irinta cikin shirin gwamnati na ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida, wato CHIPS, da aka ƙaddamar a 2018. Amma zaman ƙungiya da zaman kwamiti kada ku fara biyan kuɗin zama ko sau ɗaya. Ranar da kuka daina, zaman ya mutu, kuma shirin da zai zo bayanku ma sai ya biya.

Masu tallafi za su ba ku teburinsu na adadin waɗanda aka horar da tarukan da aka yi. Ku cika musu, haƙƙinsu ne. A ƙarƙashinsa ku liƙa shafi biyu: labaran larurorin watannin nan da tsawon jinkirin kowanne, da saƙar gizo-gizon kowane ƙauye. Kwafi ɗaya kuma ya koma garin, a karanta shi da Hausa a gaban waɗanda suka ba da labarin, ba tare da ambaton sunan kowace mace ba. Littafin rajista da na asusu su zauna a hannun matar da ƙungiya ta zaɓa, ku ku riƙa ɗaukar hotonsu da waya idan kun zo.